Katakon Tsawon Rai na Kawu Ran

Dutsen da ke bayan ƙauyenmu ba ya motsi, domin ba dutse ba ne, kunkuru ne da ya kwanta shekara ɗari huɗu yana gadin zuriyarmu, kuma duk wanda ya gina gida a gindinsa sai ya haura shekara casa'in.

Malam Pu ne ya tabbatar mana da haka. Ya koyar a firamare shekara talatin, da ya yi ritaya ya sayi kamfas mai nuna alƙibla ya koma zaɓar wa mutane wurin gida da wurin kabari. Ni da na je jami'a a birnin Chengdu na karanta ilimin ƙasa, na san ba haka ba ne. Amma shayinsa na da daɗi, shi ya sa ban taɓa kawo maganar ba.

Gidan shayin nasa na manne da gindin dutsen. Har yau ina jin ƙamshin wurin: hayaƙin lofe, barkonon da aka rataye a bakin ƙofa, da tururin buta. Can tsofaffi suke wuni suna dara suna zagin juna. Babban abokin zaginsa shi ne Kawu Ran, wan mahaifiyata, wanda gidansa ke can kan tudu, inda Malam Pu ya ce iska na kwashe arziki.

Kawu ba shi da arzikin da iska za ta kwashe, sai abu ɗaya. A wurinmu dattijo kan tanadi akwatin da za a binne shi tun yana da ƙarfinsa, kuma ba a kiransa akwatin gawa, sai dai katakon tsawon rai. Na Kawu daga itace guda aka sassaƙa shi da na matarsa, itacen da ya dasa a shekarar aurensu. Ita ta riga ta shiga nata. Nasa yana tsakar ɗaki a kan benci biyu, duk shekara yana shafa masa baƙin ƙaro, yana kuma ajiye masara a ciki don kada ya zauna a banza.

"Tsoho Ran, yaya rumbun naka?" in ji Malam Pu. "Ɓeraye sun fi ka morar sa."

"Ai gara ni, ina da inda zan kwanta. Kai fa, Malam? A butar shayi za a cusa ka?"

"Mai zama a inuwar kunkuru ba ya gaggawa. Sai na cika tamanin da biyar zan nemi kafinta."

"In kafintan bai gaji da surutunka ya mutu ba."

Ranar da abin ya faru na zo hutu. Bayan cin abincin rana ne, ina taya Kawu ɗaure wake a gona. Ƙasa ta yi gurnani, ta ɗaga mu ta kayar. Muna rarrafe muka ga kunkurun ya saki rabin bayansa. Kafin ƙurar ta lafa, gidaje goma sha ɗaya da ke gindinsa babu su. Na kan tudu, waɗanda iska ke kwashe wa arziki, rufinsu kawai ya zube.

Hanya ta toshe, sojoji ba su iso ba sai bayan kwana huɗu. Da fartanya da hannu muka yi tono. Mutum ashirin da uku muka rasa, a ƙauyen da kowa ya san sunan aladen kowa. Gawa tara kaɗai dutsen ya mayar mana. Duk an sami katakon da aka sa su, wasu nasu, wasu na dangi. Sai Malam Pu, wanda muka ciro a rana ta uku da kamfas a aljihu. Shekararsa saba'in da ɗaya, ba ɗa ba jika, kuma bai kai ga neman kafinta ba.

Aka ce a naɗe shi a tabarma. Babu wanda ya ga laifin haka, musamman waɗanda suka gina gida da shawararsa.

Kawu ya tsaya a kansa ya daɗe, sannan ya juyo gare ni.

"Mai digiri, kawo buhuna mu kwashe masarar da ke cikin katakona."

"Kawu, itace ɗaya ne da na Inna matarka fa. Babu wani irinsa."

"Na san itacen wa ne, ni na dasa shi. In aka sa shi a tabarma, zai je can ya ce wa matata na yi rowa. Ka san bakinsa."

Muka kwashe masarar da kwano. Kawu ya shiga akwatin da tsumma ya goge ciki har lungu. Mu shida muka sauko da shi daga tudu, muna tsayawa duk lokacin da ƙasa ta sake rawa. Da aka sa Malam Pu, sai da aka ɗan lanƙwasa masa gwiwa, don ya fi Kawu tsayi.

"Ka yi haƙuri, Malam," in ji Kawu. "Ba da kai aka auna ba."

Aka rasa wanda zai zaɓi wurin kabari, tunda mai zaɓen ne a ciki. Kawu ya nuna kan tudu, inda iska take.

Da muka koma gida, bencin nan biyu na tsakar ɗaki, babu komai a kansu. Kawu ya jawo ɗaya bakin ƙofa, ta inda ake hango kabarin matarsa, ya zauna ya cika lofe. Sai ya ce in tambayo masa ko ƙofofin da suka karye za su yi katakon tsawon rai, in an haɗa biyu.