Gwangwani Uku da Almakashi

Tun ranar da Malama ta fara zuwa gidanmu, Inna ta kafa mata ido. Inna uwarmu ce, ni da Yaya bakanike, kuma ita ke riƙon 'yarsa Auta tun rasuwar matarsa. Karatun Auta ya yi baya, makaranta ta ce in ta sake faɗuwa za ta maimaita aji. Shi ya sa Yaya ya ɗauko mai koya mata a gida.

Malama ba ta zo da bulala ko allo ba. Almakashi ta zo da shi, da kwali, da gwangwanayen madara uku. Sai ta rubuta kalma, ta datsa ta uku: saiwa a gwangwanin tsakiya, ɗafa-goshi a na dama, ɗafa-ƙeya a na hagu. Auta ta ciro "ɗink", ta sa masa "ma" a gaba da "i" a baya, ya zama maɗinki. Ta canja wutsiyar, ya koma maɗinka. Sai ka ji ta ƙyalƙyale da dariya, abin da muka daɗe ba mu ji ba.

Inna dai tana bakin ƙofa da tsintsiya, tana sharar wurin da ta riga ta share.

"Ke, wane irin karatu ne ake yanka shi kamar nama?" ta ce da ni. "Kuma budurwa, ga kwalliya, a gidan da babu matar aure? Ruwa ba ya tsami banza."

Gaskiya ni ma na lura Yaya ya fara wanke baƙin mai daga hannunsa kafin ya shigo gida, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Wata safiya Inna na kakkaɓe gadon Auta, sai ga guntayen kwali uku a ƙarƙashin matashi, an ɗaure su da zare. Ta miƙo mini in karanta. "Ma", "haif", "iya". Rubutun Malama ne.

"Mahaifiya!" Inna ta dafe ƙirji. "Ba na faɗa ba? A ƙarƙashin kan marainiya!"

Ta tsinke zaren, ta cusa na tsakiyar a murhu, sauran suka zube ƙasa. Da Malama ta iso, tun Auta ba ta dawo ba, Inna ta tare ta a tsakar gida, ta wanke ta tas. Baiwar Allah ta juya. Ta ajiye gwangwanayen a kan tabarma, ta ɗauki almakashinta, ta fita. Daga yadda ta ja ƙofar na san ba za ta dawo ba.

Auta ta dawo daga makaranta, ta wuce gadonta, ta fito da sauri. Ta durƙusa ta tsince guda biyun.

"Ni na roƙe ta ta yanka mini," ta ce. "Na Ummata ne. Ita ce kalmar da na fara haɗawa ni kaɗai."

Inna ta kalli murhu. Ni kuwa tausayi da kunya suka hana ni ɗaga kai.

Auta ta jera "ma" da "iya" a kan tabarma, ta bar fili a tsakaninsu, ta daɗe tana kallo.

"Inna, kin ƙona saiwar. Malama ta ce in babu ita, sauran ba sa cewa komai."