Habsu a Ƙofar Shagon Idirisa

Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Idirisa mai ɗaukar bidiyon biki a Gure bai ji ba. Kwalin sabon diskinsa na ajiyar bidiyo ya ce awa miliyan yake yi bai lalace ba, sai ya juye bikin Tanimu ciki, ya goge na kamara.

Tanimu yana Libiya, wakili ya karɓa masa auren. Bidiyon nan kaɗai zai nuna masa bikinsa.

Diskin ya yi ƙyas-ƙyas, ya mutu. Habsu, gwaggon ango, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar shagon.

Idirisa ya nuna mata kwalin diskin. "Gwaggo, wallahi ga rubutun maƙeransa!"

"To, miƙo kwalin in aika wa yaron ya kalla."

Ƙofar shagon ɗaya ce, Habsu kuwa ba ta da niyyar tashi.