Ɗakin da Zalɓe Ya Zana wa Lurwanu

Daren jiya mafarki ya kai ni inda ake zana jiragen ruwa na dakon kaya. Tun da ɗana Lurwanu ya sami aiki a irin jirgin nan nake son in ga inda yake kwana, ni da ban taɓa ganin teku ba.

Ofishin ba shi da rufi. Teku ce a sama, jirage na wucewa a kife, kuma ba abin da ke zubowa. Babban mai zanen wani zalɓe ne sanye da tabarau, yana tsaye da ƙafa ɗaya, yana ja wa takarda layi da baki.

Na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin yarona na zo gani."

Ya ce, "Kaya ne shi ko ma'aikaci?"

"Ma'aikaci."

"Ayya," in ji shi.

Sai ga mu a cikin jirgi. Mun wuce ɗakunan buhunan riɗi, kowane buhu da gadonsa da fanka da taga. Wani buhu ya ce mu rage surutu. Muka yi ta sauka har gindin inji, inda zafi ke fasa fenti. Zalɓen ya buɗe wata ƙofa mai faɗin tafin hannu. Lurwanu na ciki a tsaye, idanunsa sun yi ja.

Na ce, "A ina zai kwanta? A ina zai kai goshi ƙasa in zai yi salla?"

Zalɓen ya yi mamaki ƙwarai. "Kwanciya? Malam, da kaina na gwada ɗakin nan, na yi barci mai daɗi. Har wurin ƙafa ta biyu na bar masa, don alfarma."

Na roƙe shi ya ƙara ko da kamu ɗaya. Ya ce sai dai a rage daga na riɗi, kuma riɗi ba ya son matsi.

Na sa kafaɗa na tura bangon. Ƙarfen ya ƙara matsowa.

"Baba, bar shi haka," in ji Lurwanu a hankali. "Na fara sabawa."

Ya naɗe ƙafa ɗaya. Na ga wuyansa yana ƙara tsawo. Na kira sunansa, ya juyo ya dube ni da ido ɗaya, ta gefe.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni. Na tarar na takure a bakin katifa, jikina duk ya sage, na bar masa sauran wurin.