Bututun da Gwaggo Ta Yanka

A garejin nan kowa Gwaggo yake ce mata, har masu kawo gyara da suka girme ta, saboda sunan da ɗan wanta yake kiranta da shi ke nan tun yana rarrafe tsakanin tayoyi. Wan nata shi ne mai gareji, sunansa ne a allon bakin ƙofa. Amma duk motar da ta gagara, ita ake turawa ƙarƙashinta. Mace ce gajera mai kaushin hannu, ba ta iya dariyar ƙarya ba, kuma ba ta taɓa nema ta koya ba.

Rigimar ta tashi ne a kan motar tsere. Ɗan wan nata, wanda abokansa ke kira Walƙiya saboda ƙafarsa ba ta san birki ba, zai shiga tsere gobe da safe. An cire wa motar tsohon inji, an sa mata wani ƙato mai zuƙar fetur kamar raƙumi ya samu rijiya. An sa sabon famfon mai. An yi mata jan fenti, an rubuta sunan gareji a ƙofofi biyu. Abu ɗaya aka bari, siririn bututun ƙarfe da ke kawo mai daga tanki zuwa inji, na milimita takwas, wanda kamfani ya sa wa tsohon injin.

"Yaya, wannan ba zai ciyar da injin nan ba," in ji Gwaggo, ta fito daga ramin gyara tana goge hannu da tsumma. "Na milimita sha biyu yake so na kai mai, na goma na dawo da shi. Na yi oda, sai mako mai zuwa."

"Mako mai zuwa? Tseren gobe ne fa!"

"To, ya wuce mu. Akwai wani."

Yaya ya yi tsaki. Shi mutum ne mai yarda da kunnensa, haka ya koyi aiki, haka kuma yake sallamar kowace mota: a tayar, a taka totur a tsakar gareji, in ƙara ta fita garau, shi ke nan. Ya ɗaga wa Walƙiya hannu. Yaron ya faɗa ciki ya murza makulli, ya taka. Kai! Kwanon rufi ya ɗauki rawa, makanikai suka bar abin da suke yi suna ihu. Allurar agogon mai ta tsaya cak a inda ake so.

"Kin gani? Ko motsi ba ta yi ba. Ina yunwar da kike faɗi?"

"Yaya, motar a tsaye take, ba giya, ba nauyi. Ɗan kurɓa kawai injin yake yi. A sa ta a hanya, giya ta ƙarshe, ƙafa a ƙasa, lokacin ne zai buɗe baki, bututun nan kuma ya kasa. Mai ya ragu, iska ta yi yawa, fistin ya narke. In injin ya ƙame a kan kwana, tayoyin baya za su kulle da ɗanka a ciki."

"Allah ya kiyaye! Wannan wane irin baki ne?"

"Bakin gaskiya."

Wani makanike mai gemu, wanda kullum yake da dabara, ya ce ai akwai tiyon wanke mota, ga shi da kauri, a ɗaure shi da waya na yini ɗaya. Gwaggo ta dube shi tun daga gemu har takalmi. Ta ce fetur zai cinye robar kafin a gama zagayen farko, kuma in ya fashe a kan salansa mai zafi, shi mai gemun ne zai je ya yi wa uwar yaron bayani. Ya sunkuyar da kai ya koma kan taya.

Yaya dai ya riga ya gayyaci mutane. Ya cika baki a gaban sauran masu gareji, kuma bai saba ƙanwarsa ta ƙaryata shi gaban yaransa ba. Ya murtuke fuska.

"Ki rufe bonet ɗin nan. Motar za ta fita gobe yadda take. In ba za ki iya ba, ga ƙofa, kuma in kika fita kada ki dawo."

Gwaggo ta dubi ƙofar. A garejin nan ta koyi riƙe sifana a hannun mahaifinsu. Ba ta san wani wurin ba, kuma ta san ba kowane mai gareji ne zai ɗauki mace mai furfura ba. Duk da haka ta ja faranti da jarka ta koma cikin rami.

Suka ɗauka ta sauko. Yaya har ya fara tsokanar mai gemu. Ita kuwa ta tsiyaye man tsaf a jarka, ta kwance bututun daga tanki, ta bi maƙalansa ɗaya bayan ɗaya har bakin inji. Ta zaro shi, dogo mai lanƙwashe-lanƙwashe, ta fito da shi a kafaɗa. Ta danne shi a kan teburin aiki ta ɗauki zarton ƙarfe.

"Ke! Me kike yi?"

Ba ta ɗago ba. Ta yanka, gutsure ya faɗi ƙasa. Ta matsa gaba ta sake yankawa. Kafin Yaya ya zagayo motar ya fizge zarton, bututun ya zama guntaye. Kowa a wurin ya san yamma ta yi, shagunan kayan gyara sun rufe, kuma ita kaɗai ce ta iya lanƙwasa sabo ta buɗe masa baki yadda ba zai yi yoyo ba.

"Kin kashe mu," in ji Yaya. "Kwashe kayanki."

"Da ma zan kwashe."

Ta tattara sifanoninta, nata na kanta, ta bar na gareji a rataye. Ba wanda ya taya ta ɗaukar akwatin. Ta ja shi a ƙasa yana ƙara har bakin ƙofa, hawaye na son fitowa tana hana su.

Walƙiya ne ya tare ta a can. Ya cire hular kwano, idanunsa jajur.

"Gwaggo, shekara guda ina jiran gobe. Wallahi ba zan yafe miki ba."

Ta ajiye akwatin ta dube shi da kyau, wannan yaron da ta goya tana gyaran kabireta.

"Kada ka yafe, ɗana," ta ce. "Ka yi ta jin haushina har ka tsufa. Tsufan nan naka nake so."