Kowane Yaro Akwai Mai Kula da Shi

'Yata Tsigi ba ta daɗe da fara tafiya ba lokacin da na koma makaranta karatun kwamfuta. Muna zaune ne a ciki da falo, a saman wani shagon ɗinki. Tebur ɗaya gare mu, a kansa muke cin abinci, a kansa nake guga, a kansa kuma nake fama da darasin lojik. Yanzu gidanmu ya fi wancan faɗi, amma har yau in na ji ƙarar keken ɗinki sai zuciyata ta koma wancan ɗakin.

Darasin ba na lambobi ba ne. Magana za a ba ka, ka mai da ita alamomi, sannan ka kafa hujja layi bayan layi, kowane layi ka faɗi dokar da ta ba ka izinin rubuta shi. Alamomi biyu ne suka hana ni sakat, A a kife mai nufin "kowane", da E mai kallon baya mai nufin "akwai". Ni a wajena duk wadda ta zo gaba, magana ɗaya ce. Malaminmu kuwa ya yi ta ja mini layi da jan biro.

Baban Tsigi gyaran injin fotokwafi yake yi. In ya dawo da yamma sai ya ɗauke ta daga ƙafata, ya leƙa takardata.

"Farfesa, yau A ce ta kife ko ke ce?"

"Ka bar ni da abin da ya dame ni."

"Karanta mini in ji."

"Kowace ƙofa akwai makullin da ke buɗe ta. Sai ta biyu, akwai makullin da ke buɗe kowace ƙofa."

"Ai magana ɗaya ce kika juya mata baya."

"Ni ma haka na ce, aka ba ni sifili."

Jarrabawa ta matso, kuma da safe za a yi ta, ranar aiki. In ban rubuta ba sai na maimaita shekara. Mahaifiyata tana nesa, ga shi ban taɓa barin Tsigi a hannun baƙo ba. Matar tela ce ta nuna mini wani gidan renon yara a bayan layinmu, na goya ta muka je.

Shugabar wurin ta tarbe mu da fara'a a wani ofis mai hotunan dabbobi a bango. Ta ce, "Ki kwantar da hankalinki, ƙanwata. A nan kowane yaro akwai mai kula da shi."

Na ji sanyi a raina. Har na fara hango Tsigi a cinyar wata mata da ba ta da aiki sai ita. Duk da haka na ce a nuna mini ɗakin.

Yara ne cike da tabarma, wasu na rarrafe, wasu na kuka. Mace ɗaya ce a tsakiyarsu, da goyo a baya, da wani a kafaɗa, tana tare na uku da ƙafa kada ya fita. Can gefe wata yarinya tana tauna murfin kwalba.

Na cire murfin daga bakinta, na ce wa shugabar, "Yaya, ina sauran masu renon?"

"Ga ta nan ai."

"Ita kaɗai?"

"Ban yi miki ƙarya ba, ƙanwata. Nuna mini yaron da ba ta kula da shi."

Na tsaya ina kallonta. Gaskiya ta faɗa. In mace ɗaya ce ke kula da kowa, to lallai kowane yaro yana da mai kula da shi. Maganarta ba ta ce su nawa ne ba, ni ce na ƙara mata abin da raina ke so. Abin da malam ya yi wata da watanni yana cusa mini, a bakin ƙofar nan ya shiga kaina. Na yi wa mai renon sannu da aiki, na gyara goyona muka fito.

A gida na ce wa Baban Tsigi na haƙura da jarrabawar, Allah ya kai mu baɗi.

"Bayan duk wannan jan biron da kika sha?"

"Ba zan bar ta can ba."

"Wa ya ce can? Ta bi ni shago."

"Cikin wayoyin wuta da garin tawada?"

"Zan kashe komai, in kafa mata kwali ta yi sarauta. Masu kawo gyara su dawo da rana."

Na yi masa dogon bayani a kan lokacin abincinta da yadda ake sanin tana jin barci, yana ta gyaɗa kai kamar ɗalibi. Da ranar ta zo na rubuta jarrabawata, rabin hankalina yana shago. Da na zo kan tambayar "kowane" da "akwai" ban ko tsaya tunani ba, kuma na ci, ko da yake ba da wani maki na a zo a gani ba.

Ina fitowa na wuce shagon kai tsaye. Ƙofa a rufe rabi, injina duk a kashe. Tsigi tana barci a cikin kwalin takardu, tafin hannunta baƙi ƙirin, shi kuma yana zaune a ƙasa yana yi mata fifita da wani tsohon kalanda.

Na ce, "Wannan baƙin fa?"

Ya sa yatsa a baki, ya ce a hankali, "Ta taya ni aiki ne. Zauna ki huta, Farfesa, kada ki tashe ta."