Ganyen da Dieu Ta Ƙi Ci

Inna Nhan ta gaji da goyon jikokin maƙwabta. Ɗanta tilo, Khiem, ya daɗe da aure, amma shiru kake ji. Kullum in ta kunna turare gaban hoton marigayi mijinta, sai ta rasa abin da za ta ce masa.

Laifin kuwa ta ɗora shi kan rau ram, ganyen nan mai yaji-yaji da ake yankawa a kwaɗon kaza. Yana ɗumama ciki, yana sauke kumburi, wannan ba gardama. Amma kowa a ƙauyen ya san dalilin da sufayen gidan Buda ke shuka shi a bayan ɗakunansu: yana kashe wa namiji sha'awa. Khiem kuwa cinsa yake kamar akuya.

Ta yi faɗa, ya yi dariya. Ta tuge na bayan gida, ruwa ya sauka, ya sake tohowa.

Ran nan ana cin abincin rana, sai ta ga surukarta Dieu tana tsince ganyen daga kwanonta ɗaya bayan ɗaya, tana zuba wa mijin. Shi kuwa gogan sai lamushewa yake. Ran tsohuwa ya ɓaci ƙwarai. Ashe ɓarawon a gida yake!

"Ke Dieu! Ni ina tugewa, ke kina ɗura masa? Sufi kike so ya zama? To a aske masa kai irin na sufayen mana, mu huta!"

"Inna, don Allah..." in ji Khiem, baki cike.

"Rufe min baki, sarkin ci! Da matarka nake."

Dieu ta sunkuyar da kai, kunnuwanta suka yi ja. "Inna, ba ɗura masa nake ba. Ni ce bai kamata in ci ba."

"Bai kamata ba? Ke da kike cinsa tun kina..."

Nan take Inna Nhan ta tuna. Ita kanta, lokacin da take ɗauke da Khiem, uwarta ko ƙanshinsa ba ta bari ta shaƙa ba, don an ce yana zubar da ƙaramin ciki.

Ta jawo kwanon Dieu gabanta, ta tone shi har ƙasa. Saura ganye ɗaya a maƙale jikin naman. Ta cire shi, ta jefa wa Khiem.

"Ungo, cinye. Ai ka gama naka aikin."