Gwangwanin Maɗin Inna

Injiniya Muntaka mutum ne da ba ya mantuwa, haka dai yake yawan faɗa wa matarsa Rumasa'u. To, ran wata Litinin cikin sanyin Fabrairu na 2008, Allah ya nuna masa iyakarsa.

Aikinsa a wani ɗakin gwaji ne a Gaithersburg, can ƙasar Amurka. Kamfanoni kan aiko musu ɗanyen mai irin mai nauyin nan, baƙi ƙirin, wanda kusan duk kwalta ne. Su kuma su gasa shi a tukunyar ƙarfe, su hura masa iskar haidurojin, su cire masa farar wuta, har ya saki jiki ya zama wanda matatar mai za ta iya tace dizal da kananzir daga ciki. Ran Juma'a ya karɓo wani sabon samfurin man cikin gwangwani a Baltimore, yamma ta yi masa, sai ya wuce da shi gida Upper Marlboro ya ajiye a kan kantar gareji. Da safiyar Litinin ya suri gwangwani a baƙar leda ya yi gaba.

Abokiyar aikinsa Constance ce ta ɗora gwangwanin a murhu don ya yi laushi. Can sai ta leƙo ofishinsa tana yatsina fuska.

"Dakta, shekarata goma sha ɗaya ina wannan aiki, ban taɓa jin kwalta mai ƙamshin alewa ba."

Ya taso, ya sunsuna, gabansa ya yanke ya faɗi. Maɗi ne! Maɗin ɗinya da mahaifiyarsa ta taho da shi daga Malumfashi makon jiya, ta zuba a sabon gwangwanin fenti don kada ya zube a akwati. Rumasa'u ta ajiye shi a kantar nan, wai gareji ya fi sanyi. Ke nan kwaltar tana gida. Kuma da kunnensa ya ji Inna da asuba tana lallashin Zahra, 'yarsa mai shekara huɗu, cewa yau za ta dama mata kunu ta zuba mata maɗi. Ga tsohuwa da mura, kwana uku hancinta a toshe.

Innalillahi! Ya buga wayar gida har sau biyar, shiru. Da ma Inna ta rantse ba ta ƙara ɗaukar wayar nan, tun ranar da wani Bature ya yi ta zuba mata Turanci a kunne. Rumasa'u kuwa tana bakin aiki a ɗakin tiyata, wayarta a kulle cikin akwatin asibiti. Maƙwabcinsu ya tafi aiki. Ko rigar gwajin bai cire ba ya faɗa mota.

Wanda ya san hanyar 270 da ta 495 ya san ba a yi musu gaggawa. Motoci sun yi cirko-cirko, shi kuwa yana dukan sitiyari yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Ya san abin da ke cikin gwangwanin nan ciki da waje, shi ya rubuta takardar gargaɗinsa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya banko ƙofa ya tarar da Zahra a ƙasa, kofi a hannu, baki duk kunu.

"Inna! Me kika zuba mata? Me ta sha?"

Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa. "Kai, ba a sallama a garin nan? Sukari na zuba mata, tunda wani mai digiri uku ya kwashe mana maɗi ya kai ofis."

Ya zauna daɓas a bakin ƙofa yana ta alhamdulillahi. Daɗi ya rufe shi har hawaye suka zubo. Da ya samu numfashi ya ce, "Amma Inna, yaya aka yi kika gane? Ai hancinki a toshe yake."

"Cokali na sa ya ƙi shiga. Na ɗiga ruwan zafi, ya ƙi narkewa. Maɗi ba ya gardama da ruwa." Ta gyara mayafinta. "Ka manta aikin ubanka ke nan? Shekara ashirin da biyu Malam Dabo yana zuba kwalta a hanyar Funtuwa, ni nake wanke wandunansa da kananzir. Da kuɗin baƙin abin nan aka kai ka makaranta. In rasa gane shi? Haba, ɗan nan."

Muntaka ya sunkuyar da kai. Shekara tara yana faɗa mata shi injiniyan sinadarai ne, tana cewa Allah ya taimaka, ba ta taɓa sanin me yake taɓawa da hannunsa ba.

Ta tashi ta ɗauko gwangwanin daga saman firiji inda ta ɗora shi don kada yarinya ta kai gare shi. Ta ɗan riƙe shi a ƙirjinta kafin ta miƙa masa.

"Ashe sana'ar babanka ka gada," in ji ta. "Ungo. Na ɗan gutsura na liƙe bokitin wankin nan da ke yoyo, kada ka ce an yi maka sata. Kuma gobe ka dawo mini da maɗina."